Albasar da ba a miya da ita: kwana huɗu a Holan

Shekaranjiya na dawo daga Holan, har yanzu sanyin Afrilu bai fita daga ƙashina ba. Daga filin jirgin Schiphol bas ce ta kai ni Keukenhof, babban lambun garin Lisse da ake buɗewa makonni takwas kacal a shekara. Kuɗin shiga kusan yuro 20 na biya, kuɗin shayi kofi ɗaya kuwa ya isa mutum ya ci tuwo da nama a Birnin Kebbi har ya riƙo wa maƙwabci. Jama'a furen tulif suka je kallo. Ni dafodil na je nema, wani fure mai kai irin na albasa, kuma ban ƙoshi ba sai a Limmen, wani ƙauye arewa da Amsterdam, inda lambun Hortus Bulborum ke adana tsofaffin iri tun 1928.

Wani dattijo cikin masu aikin sa-kai ya gan ni tsugune gaban ɗan allon wani irin dafodil da aka rubuta "Carlton 2 Y-Y", wato sunansa da lambar rukuninsa da haruffan launinsa, sai ya zaro ma'auni daga aljihu ya tsuguna kusa da ni. Furen kashi biyu ne, ganye shida a baya da kofi a tsakiya. In tsawon kofin ya kai na ganyen ko ya wuce, kakaki ke nan, rukuni na 1, kamar irin King Alfred da Mount Hood. In bai kai ba amma ya haura kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen, rukuni na 2. In bai haura ba, na 3. Masu ninki su ne na 4, masu fure da yawa a kara ɗaya da ƙamshi mai ƙarfi, wato tazeta, na 8. Rukuni 13 ne gaba ɗaya, kuma ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, ce ke riƙe da rajistar. Haruffan launi ne: W fari, Y rawaya, O ruwan lemo, R ja, P ruwan hoda, G kore. Na farko na ganyen, na bayan layi na kofin, ana karantawa daga ciki zuwa baki. Saboda haka irin Actaea 9 W-YYR farin ganye ne da kofi rawaya mai jan baki. Lamba ɗaya da haruffa kaɗan sun kashe gardama. Mu a kasuwar albasa "ja" da "fara" muke cewa, sai rantsuwa ta cike sauran.

Ya kai ni rumfarsu ya ba ni kofi da biskit guda ɗaya tak, haka al'adarsu take, ya miƙo min kan dafodil. Sak albasar Aliero, sai dai ba wari, kuma guba ce. A 2015 hukumar lafiya ta Ingila sai da ta gargaɗi manyan kantuna su raba shi da wurin kayan miya.

Ana binne shi a Satumba ko Oktoba, zurfin ninki uku na tsawon kan, kamar santimita 15, a ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe ruwa. Sai ya sha sanyi wajen wata uku kafin ya yi fure. Bayan fure a bar koren ganyen shukar sati shida, ba yanka ba ɗaurewa, domin da shi kan ke tara abincin baɗi. Mai gaggawar share lambu ganye zalla zai gani wata shekara. A Yuli ake tonewa a shanya a inuwa, sannan a jiƙa a ruwa mai zafin digiri 44.4 awa uku don kashe tsutsar da ido ba ya gani, dabarar da James Ramsbottom ya gano a Ingila wajen 1917. Zafin ya ragu, tsutsa ta tsira. Ya ƙaru, furen da ke cikin kan ya lalace. Akwai kuma ƙudan da ɗansa ke cinye cikin kan, da ruɓewar gindi da ke tsananta in rumbu ya yi ɗumi. A nan na cire rai da shuka shi a gida, zafinmu na bazara kaɗai zai gama da shi. Mai ƙirƙiro sabon iri kuwa daga ƙwaya yake farawa, ya jira wajen shekara biyar kafin ya ga fure na fari.

A Amsterdam wani mai rumfa ya matsa sai na sayi buhu. Kan da ake sayarwa a Afrilu tonon bara ne, na latsa guda biyu na ji sun yi laushi, na mayar masa. Ya ɓata rai, ban damu ba.

Ranar tahowa wani jami'i ya zazzage jakata ko sallama babu, yana tambayar takardar lafiyar tsirrai. Ba abin da ya samu sai cuku da littafina mai cike da haruffa.