Keke mai giya da ruwan damina: labari daga rumfar gyaran keke

Na fara wannan sana'a a hannun ƙanin mahaifina, lokacin da kusan duk keken da za a kawo mana Raleigh ne ko Phoenix, baƙi, mai birkin ƙarfe da kariya a baya wadda za ta ɗauki buhun masara ba ta lanƙwashe ba. Aikina na shekara biyu na farko bai wuce faci da buga famfo ba. Yau rumfar tawa ce, ina da yara huɗu da ke koyo, muna gyara, muna kuma sayar da kekunan gwanjo masu giya da ake saukewa daga Turai, waɗanda kowa ke kira 'yan Beljiyam ko daga ina suka fito.

Kasuwarmu ta ga hawa da sauka. Zamanin da acaɓa ya cika Kano, keke ya zama na 'yan makaranta da tsofaffi. Da aka hana acaɓa a birni a farkon 2013 mun ɗan farfaɗo, amma 'yan adaidaita sahu ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Daga nan magidanta suka dinga zaro kekunan da suka shekara goma a jingine a zaure, duk tsatsa, ana cewa a tayar musu.

A 'yan shekarun nan kuma sai ga wasu irin masu kawo aiki da ban saba da su ba. Samari ne, yawancinsu ɗalibai ko ma'aikata, da ke son su ɗaure jakunkuna a jikin keken hawan dutse su bar gari kwana biyu ko uku, ba don fatauci ba, ba don ziyara ba, don tafiyar kawai. A YouTube suke gani. Da farko dariya suke ba ni, don kakannin waɗannan yaran sun yi Kano zuwa Zariya a kan Raleigh da kaya niƙi-niƙi ba wanda ya ɗauke su hoto. Amma kuɗinsu na halal ne, kuma tafiyar tana da daɗi, ni ma na ɗanɗana.

Matsalar ita ce kalandar da suke gani a waya ba tamu ba ce. Masu waɗancan hotunan, a Turai da arewacin Amurka, lokacin caɓinsu daga Maris ne zuwa Mayu, sa'ad da ƙanƙara ke narkewa, har a wasu wuraren akan rufe hanyoyin daji don kada taya ta ɓata su. Yuli da Agusta kuwa su ne lokacin shan iskarsu. Mu a Maris da Afrilu ƙasa a bushe take ƙamas, zafi na haura digiri 40, wanda ya ɗauki hanya da tsakar rana ransa yake wasa da shi. Agusta kuma shi ne tsakiyar marka. Yaro ya ga Bature na murna da Agusta, shi ma hutunsa ya faɗo a Agusta, sai ya zo mini da shiri.

Haka wasu uku suka zo bara. Babbansu ya ce, "Kawu, muna so ka duba mana kekunan nan. Tiga za mu je, mu kwana, mu zagayo ta Rano."

Na ce, "Yaushe?"

"Tsakiyar Agusta."

"Ta kwalta?"

"A'a Kawu, ai daɗin a bi ta gonaki."

Na ajiye sifanar da ke hannuna na ce su zauna a benci, na aiki yaro ya karɓo mana shayi, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Abin da na fara gaya musu shi ne su daina tambayar ko za a yi ruwa. Za a yi. Su tambayi wace ƙasa ruwan zai sauka a kai. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce, kuma ruwa ɗaya yana gyara wata hanyar ya kashe wata. Jigawa, wato ƙasa mai rairayi, irin wadda ta yi yawa in ka nufi arewa, wajen Minjibir da Ɗambatta, da rani azaba ce: taya na nutsewa, kana taka feda kamar kana tuƙa tuwo, ƙarshe ka sauko ka tura. Amma a yi ruwa da daddare, da safe rairayin ya kwanta ya daddale, keke na gudu a kai kamar an shimfiɗa maka siminti. Burji na jan marmara shi ma yana shan ruwa da sauri, awa biyu ko uku na rana sun ishe shi, sai dai ka kula da inda ruwa ya zaizaye ya bar rami. Laka ce abokiyar gaba. Baƙar ƙasar fadama, irin ta wuraren noman shinkafa a Kura da Kadawa da Bunkure, ba ta yafiya. Kuma hanyar gonakin da suke son bi zuwa Tiga ta cikinta za ta ratsa.

Na san wannan da jikina. Wata shekara na ɗauki biyu daga yarana muka bar kwalta bayan Kura, da yake an kwana biyu ba ruwa, sama kuma ta bushe ta yi ɓawo. Ashe ƙarƙashi danƙo ne. Ba mu yi nisa ba lakar ta fara naɗewa a taya, tana kwasar ciyawa da tsakuwa, ta cika tsakanin taya da madigadi, ta cika wajen birki, har ƙafar gaba ta daina juyawa gaba ɗaya. Keke ya ninka nauyinsa. Ɗaya daga yaran, maimakon ya sauka, sai ya miƙe tsaye ya danna feda da ƙarfin tsiya. Ji kake ƙas. Ƙarfen canjin giya na baya ya shige cikin sifok ya karye, ya tafi da sifok huɗu. A bakin wata gona na yanke sarƙa na gajarta ta, keken ya koma mai giya ɗaya, muka kwance madigadan duka muka ɗaure a kariya. Tafiyar da ba ta wuce ta rabin awa ba ta cinye mana daga azahar zuwa bayan la'asar, muna tafe muna sakatar taya da tsinke. Wani dattijo da ke cirar shinkafa ya ɗago ya dube mu ya ce, "Sannunku, ai ko jaki ba ya bin nan sai kaka."

Tun daga ranar, in mutum ya ce zai bi ƙasa a damina, madigadin ƙarfe mai manne da taya nake fara cire masa, in sa masa na roba mai tsayi da ke nesa da tayar, ko in yanko jarka in ɗaure a ƙasan firam. Gara ruwa ya fallatsa maka a baya da taya ta cije. Ina kuma rage musu iska kaɗan, don taya mai ɗan laushi ta fi kama ƙasa mai santsi, amma ba har ta kwanta ba, kada dutse ya matse tub da gargare ya huda shi wuri biyu.

Lokutan da nake ba mutane shawarar fita biyu ne. Na farko farkon damina, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan an yi ruwa uku ko huɗu: ƙura ta kwanta, zafin bazara ya karye, rafuka ba su cika ba, ruwan kuma yana ba da tazarar kwanaki. Shekarun nan an yi dace, Babbar Sallah ta faɗo a nan, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025, sai hutun ya zo daidai. Na biyu ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, gero ya nuna, duwatsun Rano sun yi kore shar, dam ɗin Tiga ya cika ya batse. Aibin wannan lokacin tsidau. Ya gama girma ya bushe, ƙayarsa na zube a kowace hanyar gona, kuma ba abin da ke kawo mini aikin faci kamarsa. Duk wanda zai fita a kaka sai na haɗa shi da tub biyu da sholisho da faci da ƙaramin famfo, in kuma sa shi ya yi faci ɗaya a gabana kafin ya tafi. Da yawa suna da keke na dubban ɗaruruwa, ba su taɓa cire taya ba.

Sai maganar sa'o'i. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, kuma ya fi son yamma da dare. Wanda ya tashi bayan sallar asuba ya yi tafiyarsa zuwa azahar ya ci riba, la'asar ta same shi a inda zai kwana. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da na kwanaki uku-uku, ina ce musu su duba, amma kada su fifita waya a kan manomin da suka tarar a hanya. In iska ta tsaya cik, zafi ya yi nauyi, gabas ta yi baƙi, sannan sanyi ya busa da ƙura, saura mintuna. A nemi masallaci ko makaranta ko zauren wani. Ba gindin bishiya ɗaya tilo a fili ba, ba kan dutse ba. Akwai masu cewa tayar roba na kare mutum daga tsawa, wannan zance ne kawai. Rafi kuma, ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba, ruwan da aka yi can sama zai iya gangarowa ya cika shi cikin ɗan lokaci. In ya yi ja yana gudu da kumfa da karare, a zauna a jira, yakan sauka da kansa. Wanda ya saɓa keke a kafaɗa ya shiga ruwan da ya kai cinya ya ba ruwa abin kamawa biyu.

Ta fuskar aljihu, gaskiya damina ba ta cutar da ni. Ruwa da rairayi su ne ke cinye robar birki, su goge gefen gargare, su shiga hob, wato cibiyar ƙafar keke, da gindin feda su wanke giris, boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, ya yi tsatsa ya fara ƙara. Birkin faifai ya fi kamawa a jiƙe, amma takalminsa na da tsada, kuma ba za ka same shi a ƙauye ba, alhali robar birki ta gama-gari kusan kowane mai faci a ranar kasuwa yana da ita. Shi ya sa ba na zuga mai tafiya ya sayi abin da in ya lalace sai an dawo Kano. Abu biyu nake faɗa da masu keke a kai kullum. Ɗaya baƙin mai da suke zuba wa sarƙa, wanda ke kwasar yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗayan kai keke wajen wankin mota a feshe shi da injin, ruwan ya tura datti cikin boris. Bokiti da tsumma da tsohon buroshi sun isa, a goge sarƙa da kananzir, ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta, a share rarar. Na san in na yi shiru aikin zai dawo rumfata, to amma mutumin da ka gaya wa gaskiya shi ke kawo maka abokinsa.

Kaya kuwa ba sai an sayi jakunkunan waya ba. Leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, a sa a jaka, a ɗaure da robar tsohon tub, wadda nake yanka musu kyauta. Kayan kwana ba a buɗe su sai an sauka. Gidan sauro dole ne, ya fi tanti amfani, don a damina ba a daji za ka kwana ba. In ka shiga gari ka nemi mai unguwa, ka gaishe shi, ka ce ranka ya daɗe baƙi ne daga Kano, ka faɗi inda za ka. Ban taɓa jin an rasa makwanci ta haka ba, kuma a nan za ka ji wace kwalbati ce ruwa ya cinye. A bi burtali da hanyar da aka saba, kada a ratsa shuka don gudun taɓo, manomi bai yi huɗa don tayarka ba. Masu tambayata Falgore da Riruwai, wuri ne mai kyau, duwatsu da ruwa, amma ina ce musu batun tsaro ya sa ba wurin da za a je da ka ba ne, sai an tambayi mutanen yankin da jami'an tsaro a makon da za a tafi.

Samarin nan uku ba su fasa Agusta ba, hutunsu ke nan. Abin da muka daidaita a kai shi ne su bi kwalta: su haye gadar Tamburawa, su karya ta Karfi zuwa Bunkure da Rano, su kwana, washegari su gangara Tiga su ga dam ɗin da aka gama tun 1974, su bar hanyar ƙasa sai in an wuni biyu ba ruwa kuma mutanen gari sun ce tana biyuwa. Na ce su ware kwana ɗaya na banza a lissafinsu. Ƙaraminsu ya ce, "Kawu, kwanan banza kuma na mene ne?" Na ce zai gani.

Sun dawo a rana ta huɗu da yamma. Ranar ta uku gaba ɗayanta a zauren wani bawan Allah suka yi ta, ruwa ya tsuge tun sassafe bai ɗauke ba sai magariba, aka yi ta kawo musu dafaffiyar masara da gyaɗa. Kekuna biyu lafiya lau, wanki da mai kawai. Na ukun, na ƙaramin, ya gwada wata gajeriyar hanya ta bayan gari shi kaɗai, ya dawo da robar birkin baya ta cinye har ƙarfe, hob ɗin gaba kuma yana gurnani. Na kwance shi na zuba boris ɗin a tafin hannunsa, jajaye da tsatsa, na ce wa yaro ya kawo sabo da giris, shi kuma ya matso da benci ya riƙe mini sifana.