Ranar da Mota Ta Ƙi Tashi a Hanyar Damagaram

Daren Talatar da ta wuce muka dawo daga Damagaram, ni da kawuna, kuma har yanzu duk wanda ya zo yi mini barka da dawowa, labarin mota nake fara ba shi kafin labarin ɗaurin auren da ya kai mu. Mun bar Kano ranar Alhamis bayan sallar asuba, muka bi ta Kazaure da Daura, kafin hantsi ya dubi ludayi muna Kwangwalam. Rabon Kawu da wannan hanya tun kafin a rufe iyaka a watan Agustan 2023, kuma ko da aka sake buɗe ta a watan Maris na 2024 ciwon ƙafa bai bar shi ya je ba, saboda haka yana ta nuna mini gonaki da ƙauyuka yana kiran sunayensu cikin murna.

Wata biyu kafin tafiyar, motar ta fara yi mini gardamar tashi, musamman idan ta yi doguwar tafiya ta ɗauki zafi. Na kai ta wani gareji a unguwarmu, mai gyaran bai ko saurari ƙarar da take yi ba ya yanke hukunci cewa batir ne ya mutu. Na sayi sabon batir da kuɗin da na daɗe ina tarawa, aka ɗaura, ta tashi, na tafi gida da tabbacin cewa an gama da matsalar.

Bayan mun gama da takardu a Ɗan Barto mun ɗan taɓa tafiya, sai aka tsayar da mu a wani shinge. Na kashe mota na kai takardu, aka duba aka miƙo mini. Da na dawo na murɗa makulli, abin da na ji kawai shi ne ƙas, sau ɗaya, daga ƙarƙashin bonet. Fitilun gaban direba duk sun kama, na danna ham ya yi ƙara da ƙarfinsa, amma inji ko motsi bai yi ba. Na sake murɗawa har sau huɗu, kowane karo ƙas ɗin nan ce guda ɗaya tak.

Jami'in da ya duba takardunmu ya taso yana ɗaga murya, rabi da Faransanci rabi da Hausa, wai mun tare hanya da gangan, wai 'yan Nijeriya ba mu san doka ba. Kawu ya leƙo ta taga ya ce masa, “Yaro, ka yi haƙuri, lalura ce.” Mutumin bai ko dubi furfurar dattijon ba, ya buga bonet da tafin hannu ya ce minti biyar ya ba mu. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na sha ganin irin wannan a shingayen gida, inda sau da yawa faɗan hanyar neman na goro ce, amma wannan bai nemi komai ba, wulaƙancin kawai ya so yi, kuma ya yi shi ga mutumin da a shekaru ya isa ya haife shi. Waɗansu samari da ke jiran mota a gindin bedi ne suka taso ba tare da an kira su ba. Na kunna makulli, na saka giya ta biyu, na taka kuloci, suka tura har motar ta ɗauki gudu, na saki ƙafa, ta yi tari ta kama. Na gode wa Allah da ba mai canza giya da kanta ba ce, domin irin waccan ba ta tashi da turi. Na miƙa musu kuɗi, babbansu ya ɗaga hannu ya ce in dai kada in kashe ta sai Matamaye.

A Matamaye aka nuna mini wani dattijo da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano, da yara uku masu koyo. Kafin ya taɓa komai sai da ya sa aka shimfiɗa wa Kawu tabarma, aka kawo ruwan randa. Sannan ya ce in kashe motar. Na yi jim, domin ina tsoron ba za ta sake tashi ba, ya ce, “Alhaji, ai ƙin tashin nake so in ji da kunnena.” Na kashe, na murɗa, ta yi ƙas. Ya ce in kunna manyan fitilu, ya tsaya a gaban motar, ya ce in sake murɗawa. Hasken bai ragu ba ko kaɗan.

A nan ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin wani mai gyara ba, ga shi na fi shekara goma ina tuƙi. Ya ce ƙin tashi iri biyu ne, kuma mutane suna haɗa su wuri ɗaya su yi ta asarar kuɗi. Akwai motar da injinta yake juyawa amma ba ya kamawa, wannan sai a nemi laifin wajen mai, ko wuta, ko iska: a kasa kunne a ji ko famfon mai yana ɗan gunji na daƙiƙa biyu idan an kunna makulli, a duba fiyus, a ciro fulogi a ga ko yana ba da tartsatsi. Akwai kuma wadda injin ba ya juyawa sam, irin tawa, kuma ita ba ruwanta da mai ko fulogi, maganarta tana tsakanin batir, da wayoyi, da kik, wato na'urar da ke fara juya inji idan an murɗa makulli. Idan fitilu suka dushe ko suka mutu lokacin da aka murɗa makulli, ko aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, to batir ne ya yi sanyi ko kawunansa ba su kama da kyau ba. Idan kuwa fitilu suka tsaya da haskensu aka ji ƙas guda, wuta tana nan, kik ne bai karɓa ba.

Sai da na ɗan sha wahala kafin in bi zancensa, domin sunayen kayan mota a can daga Faransanci suka fito. Bonet ɗinmu shi ne kapo, fulogi buji, fetur kuma isansi. Kik yake kira demarer. Kawu ne ya riƙa yi mana tafinta yana dariya, duk da cewa Hausa muke yi mu duka.

Bai tsaya ga fitilu kaɗai ba. Ya ɗauko wata ƙaramar mita da aka ɗaure bayanta da roba, ya ɗora a kawunan batir, ta nuna 12.5, ya ce cikakken batir yana kai wa 12.6, saboda haka nawa lafiyarsa ƙalau. Ya ga ɗan farin gari ya taru a kai ɗaya, ya sa yaro ya jiƙa kanwa a ruwan zafi ya wanke shi, ya kankare da wuƙa, ya ɗaure tam. Ya bi baƙar wayar da ta tashi daga batir ta kama jikin mota, ya girgiza ta ya ga ba ta kwance ba. Duk da haka motar ta ce ƙas. Daga nan ya ɗauki sifanar taya, ya zura hannu can ƙasan inji, ya ce in riƙe makulli a murɗe, ya ƙwanƙwasa jikin kik sau biyu a hankali. Nan take injin ya juya ya tashi. Yana tashi ya sake ɗora mitar, ta nuna 14 da 'yan kai, ya ce alteneta ma yana caji yadda ya kamata.

Ya ce zan iya tafiya a haka ina ƙwanƙwasawa, amma ranar da ƙwanƙwasar za ta daina aiki ba ta da nisa. Na ce a gyara. Yaran suka cire kan batir tukuna, suka kwance kik ɗin, dattijon ya buɗe shi a kan wani tsohon buhu. Ya zazzage baƙar ƙura a tafin hannunsa, ya ciro waɗansu 'yan gutsattsari guda huɗu ya ɗora mini a hannu. Su ne abin da muke kira burushi, shi kuma yana ce musu sharbon, wato gawayi. Biyu daga ciki sun cinye har ba su kai ƙwayar masara ba, sifirin da ke tura su ya kai iyakarsa, shi ya sa wani lokaci su taɓa wani lokaci su ƙi, kuma zafi yana ƙara tsananta abin. Ya ciro waɗansu daga wani kik da ke cikin akwatinsa, ya goge su da fayil har suka zauna daidai, ya liƙa da dalma, ya goge tagullar da suke gogawa da takardar yashi mai laushi. Aikin bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Da na tambayi kuɗi ya ce jikka huɗu, wato sefa dubu huɗu, har da kayan. Na buɗe baki zan taya kamar yadda muka saba, Kawu ya taka mini ƙafa. Ya yi daidai. Ko da faɗuwar naira, wadda ta sa duk abin da ka saya da sefa sai ka ji shi a ƙirji, kuɗin bai kama ƙafar abin da na zuba a batir ba. Ba na cewa duk masu gyaran Kano haka suke, akwai ƙwararru a Ƙofar Ruwa da ake zuwa wurinsu daga nesa, amma ɗabi'ar “a canza” ta yi mana yawa. An fi son a sayar maka da sabon abu a kan a ɓata minti biyar ana sauraron motarka, mu ma masu motar mun fi yarda da wanda ya caje mu da yawa.

Dattijon bai bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwon gero da miyar kuka daga gidansa, aka kuma dafa shayi aka zagaya sau uku. Na aiki yaro ya sayo fura, mai furar ta ce dala arba'in, na tsaya ina lissafi har yaron ya gaya mini sefa ɗari biyu ke nan, tun da dala ɗaya sefa biyar ce. Furar ta fi tamu tsami da yawan nono, kuma ba a cika ta da sukari ba.

Mun wuce Kance, muka hau babban titi a Takeita, muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya, manyan duwatsun nan suna ja a hasken yamma. An ɗaura aure ranar Asabar a Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, Kawu ya sayi kilishi a kasuwar Dole. A dawowa mun tsaya a Matamaye na kai wa dattijon turmin shadda, muka tarar ya tafi jana'iza wani ƙauye, sai na bar wa babban yaronsa. Burushin nan biyu da suka cinye suna cikin aljihun motar, na ƙulle su a leda, kuma ranar Asabar zan kai su garejin unguwarmu in nuna wa wanda ya sa na sayi batir.