Kai baƙi kallon orka cikin cunkoson jiragen shaƙatawa

Da bazara ina tuƙa jirgin ruwan da ke kai baƙi kallon orka, manyan dabbobin teku masu launin baƙi da fari, daga Friday Harbor, a tsibirin San Huwan na jihar Washinton a Amurka. Mutane suna zaton nemo dabbobin ne wahalar aikin. Mu matuƙa kuwa muna sanar da juna ta rediyo, sau da yawa kafin mu bar gaɓa an san inda suke. Wahalar tana farawa ne bayan ka same su ka tsaya, domin jirginka ya zama alama. Duk mai ƙaramin jirgin shaƙatawa da ya hango mu tsaye a mashigin Haro, baƙi sun taru gefe guda suna nuni, ya san akwai abin kallo, sai ya karkato. Ranar hutu irin 4 ga Yuli, nan da nan wurin yake komawa kamar bakin tasha ranar kasuwa.

Orka iri biyu muke gani a ruwan nan. Akwai masu farautar dabbobin teku irin su sil, suna ƙaruwa, kuma yawanci su muke nuna wa baƙi. Akwai kuma waɗanda ake kira mazauna kudu, dangi uku ne, J da K da L, duka-duka 70 da 'yan kai, kuma tun 2005 gwamnatin Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Abincinsu kifin salmon ne, musamman nau'in Cinuk, da sauti kuma suke farauta: su fitar da ƙara, su saurari yadda za ta dawo daga jikin kifin. Rugugin inji yana toshe musu wannan. Uwa mai goyo da jirage suka kewaye tana iya barin farauta, kuma babu wanda ke kan ruwa da zai ga asarar da aka yi mata. Wannan yana damuna ƙwarai.

Doka a fili take. Daga 1 ga Janairun 2025, a ruwan Washinton dole a bar wa mazauna kudu yadi 1,000. Sauran orka yadi 200, babban kifin hambak kuwa shawara ce a bar masa yadi 100. Idan mazauna kudu suka ɓullo kusa da kai, ƙasa da yadi 400, sai ka cire giya ka bari su wuce. Amma mutumin da ya yi hayar jirgi don hutun ƙarshen mako bai san wannan ba, ba ya ma iya bambance nau'i biyun.

Don haka idan na tsaya, rabin hankalina yana kan jirage ne, kallon dabbobi na bar wa mai yi wa baƙi bayani. Ina ɗaga farar tutar nan mai hoton wutsiya, wadda ke nufin akwai su a kusa, a rage gudu. Ina ajiye jirgina a gefen da jirage ke tahowa, don mai gudu ya fara ganina. Hambak ne ya fi ba ni tsoro a nan, domin yakan nutse na mintoci ya taso inda ba a zata ba, kuma ba shi da wannan baiwar ta gane abu da sauti. Akwai ranar da wani ya nufo daidai inda ɗaya ya nutse, a guje, da yara a gaban jirgin. Na kira shi ta rediyo, na ambaci launin jirginsa, na ce, “Kyaftin, don Allah sassauta, akwai babban kifi a gabanka.” Ya sassauta, har ya yi godiya. Na lura wanda aka kira da girmamawa yakan saurara, wanda aka daka wa tsawa kuwa sai ya kashe rediyo. Ma'aikatan Soundwatch, na gidan tarihin manyan kifayen teku da ke Friday Harbor, haka suke yi: su matso a ƙaramin jirginsu, su miƙa takardar bayani cikin fara'a.

Abin da ya fi wuya shi ne tafiya. Idan jirage suka yi yawa, nakan juya na bar wurin ko da baƙi ba su ƙoshi ba, saboda muddin ina tsaye wasu za su ci gaba da zuwa. Mutum ya biya kuɗi, wataƙila daga wata ƙasa ya zo, dole ransa ya sosu, kuma ina ba shi gaskiya. Shi ya sa tun a bakin gaɓa, kafin na kunna inji, nake faɗa musu tazarar da za mu bari da dalilinta, da cewa za mu iya tashi da wuri mu nemi wani wuri mai sarari. Sannan a raba musu madubin hangen nesa, a nuna musu yadda ake gane kowace orka da fiffiken bayanta da tabon da ke bayansa.