Man fetur mai tsada yana ƙara wa mota ƙarfi, ko kuɗinka kawai yake ci?

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya koma lissafin lita, kuma daidai nan masu sayar da dabaru suka samu kasuwa, wani ya ce maka akwai man manya wanda in ka zuba motarka za ta daina shan mai, wani ya miƙo maka 'yar kwalba a goslo ya ce juye a tanki ka ga aiki. Mutum yana cikin matsi, ga cefane ga kuɗin makaranta, sai ya cire ɗan abin da ke aljihunsa ya bayar yana ganin tanadi yake yi. Wallahi abin yana min ciwo.

Duk wanda ya je Umara ya kula da gidajen man Saudiyya ya ga yawanci kala biyu ne, 91 kore, 95 ja. A Dubai uku ne, 91 da 95 da 98. 'Yan uwanmu na zango a Ghana su ma suna da 91 da 95. Mu dai a Najeriya yawanci famfo ɗaya ne, abin da tanka ta sauke shi za ka sha. To wannan lambar ita ake kira oktan, kuma mutane da yawa sun ɗauka ma'aunin ƙarfin mai ce, wai 98 ya fi 91 wuta. Ba haka ba ne sam.

Ga yadda abin yake. Fistin yana hawa sama ya matse mai da iska a cikin silinda, sai fulogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bi ta cinye man a tsanake tana tura fistin ƙasa. Amma in matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa a gefe guda kafin lokacinsa, shi ne za ka ji wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Tsofaffin direbobin Fijo 504 sun san ta sarai, musamman in an yi lodi ana hawan tudu a babbar giya. Ba ita ce bugawar inji ta rashin baƙin mai ba fa, amma in ta daɗe tana iya cinye kan fistin. Oktan juriyar mai ce ga wannan fashewar, iyakarta ke nan. Kuzarin da ke cikin lita ɗaya ta 91 da lita ɗaya ta 98 kusan ɗaya ne. Kai, itanol ma, wani sinadari da ake haɗawa da fetur a wasu ƙasashe, oktan ɗinsa ya haura 100 amma kuzarinsa bai kai na fetur ba, ya gaza da wajen kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa man da aka haɗa da shi yake ɗan saurin ƙarewa duk da lambarsa ta yi sama.

Don haka injin da aka ƙera don 91, irin na Corolla da Camry da Accord ɗin da suka cika titunanmu, tunda matsinsa bai kai ya fasa 91 ba, in ka ba shi 98 ba abin da zai yi da ƙarin juriyar. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016 da motocin da aka yi don man gama-gari, ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai na a zo a gani ba, kuma ta ƙiyasta cewa direbobi miliyan 16.5 sun zubar da sama da dala biliyan 2.1 cikin shekara ɗaya a kan man da motocinsu ba sa buƙata. A 2017 suka sake gwaji da motocin da kamfani ya ce ya fi so a ba su firimiyam, wato mai tsadan nan mai babbar lamba, amma ba dole ba, nan an ga bambanci, shan mai ya ragu da wajen kashi 2.7 cikin ɗari, ƙarfi ya ƙaru da kashi 1.4, alhali kuɗin man ya fi da kashi 20 zuwa 25. Yi lissafin da kanka ɗan uwa.

Akwai wani tarko da masu tokumbo 'yar Amurka ke faɗawa, ina so a kula da shi. Amurkawa ba irin lissafinmu suke yi ba, lambobinsu 87 da 89 da 91 zuwa 93 ne, mu da Turai da Larabawa kuma wani ma'aunin oktan mai suna RON muke bi. 87 ɗinsu shi ne wajen 91 ɗinmu, 91 ɗinsu kuma wajen 95 ne a namu. To in ka buɗe murfin tanki ko littafin motar ka ga an rubuta 87, kwantar da hankalinka man gidan mai ya ishe ka. In kuma ka ga 91 a motar da ta fito daga Amurka, kada ka ce ai daidai ne da namu, 95 take nema.

A nan ne zan yi adalci, don akwai motocin da maganar ta shafe su da gaske. Yawancin Marsandi da BMW da motoci masu tabo (turbo) da dama, injinsu matsinsa ya yi yawa, don 95 ko sama aka ƙera su. In ka ba su ƙasa da haka ba nan take za su lalace ba, akwai sensa a jikin inji da ke sauraron waccan ƙarar, da ta ji sai ta gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, shi kuma ya jinkirta wutar fulogi don ya kare injin. Sakamakon sai motar ta yi nauyi, ka taka totur ka ji ba ta amsawa yadda ka sani, shan mai ya ɗan ƙaru. Kuma zafi yana ƙara tsananta abin, ka ɗauki watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, rana ta haura digiri 40, ga esi a kunne ga iyali cike da mota ga kaya a but. Mai irin wannan motar in yana inda ake samun 95 ya saya, ba almubazzaranci ba ne, haƙƙin injin ne. In babu, to ya rage take totur har ƙasa da tsakar rana, ya tabbata lagireto da fanka suna aiki lafiya. Wanda kuma bai saya ba tukuna yana shawara, gaskiya ya sa wannan a lissafinsa kafin kyan bodi ya ɗauke masa hankali.

Su kuma 'yan kwalaben nan na ƙara oktan, da yawansu in sun rubuta za su ƙara maki kaza, maki ɗaya kashi ɗaya cikin goma na lamba ɗaya ne, wato maki biyar zai kai 91 zuwa 91.5 ne ba 96 ba. Wasu ma akwai sinadarin manganis a ciki, wanda ke barin jan datti a bakin fulogi ya dame sensa da indomin salansa.

Inda masu yabon man tsada suke da 'yar gaskiya shi ne maganar wanki. Wasu kamfanoni suna zuba sinadarin wanke nozul da bawul a mansu, kuma wannan yana da amfani, a Amurka har tsari suka yi mai suna Top Tier tun 2004, wanda Toyota da Honda da BMW da General Motors suka tsaya masa, kuma gwajin AAA ya nuna man da ba ya cikin tsarin yana barin datti ninki 19. Amma lura, sharaɗin tsarin shi ne a zuba sinadarin a kowane kalar mai har da mai arha. Ke nan tsafta daban, oktan daban.

Kuma tsaftar nan ita ce ainihin ciwonmu a nan. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da mai daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka riƙa mutuwa a hanya, aka janye man, layi ya dawo Legas da Abuja ya bazu ko'ina. Ban da wannan ga man 'yan bumburutu da ke yini a jarka cikin rana da ƙura, ga gidan man da tankinsa na ƙasa ruwa ke shiga da damina. Na tsaya a gareji bakanike ya sauke tankin wata Golf ya juye a roba, mai ya taso sama ruwa ya kwanta a ƙasa da jar laka, ya zaro famfon mai ragar bakinsa ta toshe ta yi baƙi ƙirin kamar ba a taɓa ganin farinta ba, mai motar kuwa yana tsaye yana cewa shi fa kullum sai ya zuba maganin ƙara ƙarfi. Tausayi ya ba ni, don kuɗin kwalaben da ya ƙirga min sun isa ya canja filta da fulogi har ya samu canji.

In rage shan mai kake nema, fara da mai faci, a auna maka iskar taya daidai da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba a ɗirka ta har sai ta yi tauri ba. Filtar iska da harmatan sai ta cika da ƙura, a duba ta. Kada ka yarda a cire maka tamostat, mai daidaita zafin inji, wai ƙasarmu da zafi, injin da bai kai zafin aikinsa ba birenbos yana ta ƙara masa mai ne. Wutar cek injin da ta shekara a kunne, sau da yawa sensar salansa ce ta mutu kuma tana sa mota zuƙar mai. Sai ƙafarka, wannan fizga da taka burki a goslo, hukumar makamashi ta Amurka ta ce tana iya cin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na tafiyar da manka zai yi.

Wanda har yanzu yake ganin shi fa motarsa ta fi jin daɗin mai tsada, kada ya dogara da jin jiki ko allurar dashbod. Ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya mayar da mitar tafiya sifili, ya yi zirga-zirgarsa ta kullum, ya koma wannan famfon ya sake cikawa, ya raba kilomita da litar da ta shiga. Ya maimaita haka a tanki da dama da kowane kalar mai, a hanya iri ɗaya da yanayi iri ɗaya, sannan ya fitar da naira nawa kowace kilomita ta ci masa a kowanne.