Wata uku ina koyon sauke murya a kiɗan Chopin

Mu uku ne. Ni ke riƙe da bayolin, gogen Turawa. Wata 'yar ajinmu na kan celo, babban gogen nan da ake kafawa tsakanin gwiwoyi, sai wani dattijo maƙwabcinta a kan fiyano. Shi ya zo da takardun: kiɗan mutum uku da Chopin, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland, ya rubuta a Warsaw tsakanin 1828 da 1829, yana ɗalibin Józef Elsner, bai kai shekara 20 ba. Lambarsa Op. 8, kuma bai sake yin irinsa ba har ya rasu. Ba kasafai ake kaɗa shi ba.

Makon farko raina ya ɓaci. Bayolin ya saba hawa sama ya ja gaba, amma a nan an danne shi ƙasa, siririyar tsirkiyar da ke ba shi zaƙi da ƙyar nake taɓa ta. Fiyano kuwa sai zuba yake kamar ruwan Agusta. Sai na shiga danna baka da ƙarfi don a ji ni, har sautin ya fara ƙarce kunne.

Ran nan dattijon ya ɗaga hannu daga fiyano, ya ce, "Ɗana, da wa kake faɗa?"

Na ce, "Baba, ba na jin kaina."

Sai ya ba ni labarin wasiƙar da Chopin ya aika wa amininsa Tytus Woyciechowski a 1830, inda shi da kansa ya ce da biyola, gogen da ya ɗan fi bayolin girma da kaurin murya, aka sa a madadin bayolin da ya fi dacewa da celo. Ga shi kuma Yarima Antoni Radziwiłł, wanda aka sadaukar wa kiɗan, mai kaɗa celo ne. Nan na gane ashe kusa da celo aka ajiye ni, mu zama murya biyu masu kauri a ƙarƙashin fiyano.

Na matsar da kujerata kusa da tata. Na bar kallon takarda, na koma kallon hannunta na dama, inda ta ja baka nan nake ja. Dattijon ma ya rage buɗin murfin fiyano.

Kashi huɗu gare shi, amma na uku, Adagio mai tafiyar hawainiya, shi ya fi shiga raina. Akwai inda celo ke miƙo mini waƙar in karɓa, kuma mun yi mako biyu kafin mu daina barin giɓi a wurin. Ranar da ya zauna daidai, dattijon bai ce komai ba, sai ya juya shafi muka wuce kashi na huɗu.