Bayan mai jinya ma yana ciwo

Tunda Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni nake kwana da ita. Kowa ya shigo sai ya tambayi mai jiki. Ba mai tambayar bayana, wanda ya riƙe saboda juya ta duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama ta.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gyara min: "Ki lanƙwasa gwiwa, bayanki a miƙe, ki jawo ta jikinki kafin ki ɗaga." Da ta gama auna jinin Mama, sai ta ɗaura min abin awon a dantse. Ashe nawa ma ya hau.

Yanzu in ƙanena ya ce me zai yi, ba na cewa ba komai. Na ɗora masa daren Laraba da Asabar, ni kuwa in rufe ƙofa in kwanta. Babba na buƙatar barcin awa 7 aƙalla, rabinsa ma da ƙyar nake samu a da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki minti 150 a mako. Ni dai tattaki nake yi da yamma in ya iso.

Wasu dangi suna gunaguni wai na fara gajiya da Mama. Su zo su karɓi dare ɗaya mana.