Saƙon godiya ga waɗanda suka tsaya mana lokacin da kogi ya shigo unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta wannan saƙo a madadin kaina da mahaifiyata da iyalina, yanzu da muka kwana 10 da komawa gidanmu a gunduma ta 9 ta birnin Njamena, bayan kusan wata 2 muna zaune a gidan 'yan'uwa saboda ambaliyar 2024. Mu 11 muka fita, mu 11 muka dawo, har da jaririyar da ba ta yi arba'in ba a daren da muka bar gida. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah. Bayan haka akwai mutanen da ya wajaba in yi musu godiya a bainar jama'a, ko da yake ba zan kama suna ba, domin na san wasunsu ba za su so ba. Mafi yawan alherin da zan ambata an yi mana shi ne tun ƙasa tana bushe, watanni kafin ruwan ya iso.

Zan fara da dattijon masuncin da ke bayan masallacinmu, wanda kowa ke kira Baba. Mu da muka tashi a tsakiyar gari mun saba da ruwan watan Agusta, wanda yake cika lunguna ya janye bayan 'yan kwanaki, saboda haka da damina ta ɗauke sai hankalinmu ya kwanta. Baba ne ya zaunar da ni wata la'asar ya ce, "Ɗana, ruwan da zai ci gidanka ba a kanka yake zuba ba." Ya bayyana mini cewa kogin Shari daga ƙasar Afirka ta Tsakiya yake tasowa ya biyo ta Sarh, kogin Logon kuma daga tuddan Adamawa ya biyo ta Mundu da Bongor, su haɗu a nan tsakaninmu da garin Kusiri na Kamaru, kuma ruwan da aka yi a can kudu yakan yi makonni a hanya, shi ya sa kogin yake kai maƙura a Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da sama ta washe. Bai tsaya a magana ba. Ya kafa gora a bakin kwari ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, kullum bayan sallar asuba ya je ya duba, ya dawo ya faɗa wa liman yawan yatsun da ruwa ya ƙaru, liman kuma ya sanar bayan magariba. Akwai tsaga guda da ya ɗaura wa jan ƙyalle, muka yi ittifaƙi cewa ranar da ruwa ya taɓa ta za a fara kwashe tsofaffi da yara, babu gardama. Baba, Allah ya saka maka da gidan Aljanna.

Abin da ya sa muka saurare shi a 2024 shi ne wuyar da muka sha a 2022. A waccan shekara, wadda gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya ranar 19 ga Oktoba, na yi ta cewa ruwa ba zai kai gidana ba, har ya tashe mu da tsakar dare. Buhunan dawa sun tafi, takardun haihuwar yara sun zama kunu, kuma sai da na shafe fiye da shekara ina zirga-zirga kafin in sake haɗa wasunsu. Laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Sai uwargidana da matan adashinsu. Bayan gobarar ma'ajiyar makamai ta Gudji a daren 18 ga Yunin 2024, lokacin da ƙanwarta ta iso mana da yara babu ko takalmi, matan nan suka yanke shawarar cewa kowane gida ya tanadi bokiti mai murfi a kusa da ƙofa, suka kuma ware kwasa guda ta adashi domin wannan. A namu akwai takardun fili da na haihuwa da katin shaida, an ninke su cikin leda biyu, da maganin hawan jinin Inna na wata guda, da tocila, da ashana, da canjin kuɗi ƙanana, da lambobin wayar dangi rubuce a takarda. Na yi musu dariya a kan wannan takarda, na ce ai komai yana cikin waya. A daren da muka fita wayata ce ta fara faɗawa ruwa. Hajiya, ki yi haƙuri, kuma ki isar mini da godiya ga ƙawayenki.

Ina godiya ga samarin unguwa, Musulmi da Kirista, Hausawa da Larabawa da Sara da Masa, waɗanda suka kwana suna ɗura ƙasa a buhuna har tafin hannunsu ya yi kanta. Gaskiyar magana ita ce buhunan ba su hana ruwan shigowa ba, domin kogin ya haura mita 8, ya wuce inda ya tsaya a 2022, kuma daga ƙarshe ta ƙarƙashin ƙasa da ramukan masai ya ɓullo mana a tsakar gida. Amma sun ba mu kwana 4, kuma a cikinsu ne muka kai hatsi da awaki da keken ɗinki tudu. Duk wanda ya ce wahalar banza suka yi, bai ɗauki buhu ko ɗaya ba. A cikinsu akwai yaro mai gyaran lantarki da ya bi gida-gida yana cire wayoyin da aka ja a ƙasa tun ruwa yana idon sawu, ba tare da wani ya sa shi ba.

Ruwa ya taɓa jan ƙyallen ranar wata Talata. Mai kwale-kwalen da ya ɗauki Inna da mai jego ya zo daidai lokacin da ya yi alkawari, ya shimfiɗa wa Inna tabarmarsa, ya riƙa tuƙi a hankali ta kan hanyar da muka saba bi da babur, yana kauce wa katangun da suka nutse, yana kuma zolayar yara da labarin dorina don kada su yi kuka. A wannan makon wasu masu jirage sun ninka kuɗinsu sau 3, abin da har yanzu yake ci mini rai, shi kuwa da na miƙa masa kuɗi sai ya ce, "Alhaji, bari sai ka koma gida." Har yau ya ƙi karɓa.

Kawu, kai da iyalinka a Marjan Dafak kun bar mana ɗakuna biyu kun matsu a ɗaya, ba mu taɓa ganin canji a fuskarku ba. Allah ya bar zumunci.

Haka nan ina godiya ga maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya da masu aikin sa-kai na Red Cross, waɗanda suka nace mana cewa cutar da ke biyo bayan ambaliya ta fi ruwan kansa kisan yara. Ita ce ta hana mu shan ruwan da ba a tafasa ba ko ba a sa masa javel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ba, ta tilasta kowa kwana cikin gidan sauro, kuma ranar da gudawa ta kama autan maza ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari a gabana: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin mu isa asibiti. Da ruwa ya janye kuma, magini ya zo ya bubbuga bangayenmu, ya nuna mini yadda gindin ginin ƙasa yake jiƙewa ya ruɓe alhali samansa yana nan kamar lafiya, ya hana mu kwana a ɗakin gabas. Bayan kwana 6 ɗakin ya zube da rana tsaka, babu kowa a ciki.

Ban manta cewa wasu ba su samu abin da muka samu ba. Alƙaluman da aka fitar sun nuna mutum 576 sun rasu a ambaliyar 2024 a Chadi, kusan miliyan 2 kuma abin ya shafe su, ga 'yan'uwanmu na Yagwa da Kusiri, ga na Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a watan Satumba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za mu yi addu'a a ƙofar gida, kowa yana da gayyata, kuma liman ya ce a nan za a tsayar da waɗanda za su riƙa taya Baba duba gora a damina mai zuwa, domin ƙafarsa ta fara ba shi wahala. Akwai kuma shebur biyu da baro guda da wata babbar tukunya da aka bari a soronmu tun daren buhuna. Masu su su zo su ɗauka, ko su aiko yaro.